Ranar da Na Tare Inna a Ƙofar Gida

Da kakar bana Inna ta cika shekara talatin da ɗaya a ƙasa. Ni ne ɗanta na fari, ni ne kuma limamin da ke tsayawa gaban jama'a yana tuna musu hakkin iyaye. Da kunya tana kisa, da tuni an binne ni.

Mu Maguzawa ne na bayan Zandam. Ina saurayi na bi wani mai wa'azi, Malam Sale, na musulunta, na zauna cikin jama'arsa a Gwaram. Mutanen kirki ne, tare muke noma, tare muke salla, har mata suka ba ni. Malam kaɗai ya san asalina. Sauran kuwa na ce musu ni maraya ne.

Ranar sunan 'yata Habiba, ana cikin raba goro, sai ga Inna ta tako da ƙafa, ƙwaryar gero a ka. Na yi wuf na tare ta a ƙofar gida.

"Ɗan nan, a miƙo mini jaririyar in gani," in ji ta.

"Inna, ba yau ba. Akwai mutane."

Ta dubi rawanina, ta sauke ƙwaryar, ta juya. Wallahi da geron nan aka dama wa mai jego kunu.

Da Malam ya ji, ya ce, "Wane littafi na karanta maka da ya ce haka? Tashi ka bi ta." Na ce sai an gama girbi. Azumi ya kama, na ce sai bayan salla. Kafin sallar aka aiko ta rasu, dangi har sun binne ta. Ban je ba.

Yau rabin ƙauyenmu suna salla, ba mai ɓoye uwarsa. Nakan ce da Inna za ta ga gidana cike da jikoki, me za ta ce? Na san ta. Tambaya za ta yi ko na ci abinci, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Abin da ya rage nata bai wuce tafiyarta da dariyarta ba, duk suna jikin Habiba. Bara na daure na gaya mata gaskiya, ta ce in kai ta kabarin. Muka je, wurin ya zama gonar dawa, tsofaffin da suka sani duk sun ƙare.

Ta ce, "Baba, to ina ne?"

Na duba gabas, na duba yamma, na rasa inda zan nuna mata.