Igiya Ɗaya Ce, Modu Ya Ɗaura wa Jikana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Modu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina hura gawayi. Modu dai na gidan da ke jikin namu a Yerwa, wanda ya yi sana'ar bandar kifi a Baga Road kafin ya tafi Italiya. Shi.

Jikana Abba kuma yana kwance a asibitin can, na'ura ce take yi masa numfashi. Tun jiya bai buɗe ido ba.

Wayar nan da nake rubutu da ita, tsoronta nake ji. In ta yi ƙara ban san da wane labari za ta zo ba. Na kifa mata faifai, na je na dawo, na buɗe, na sake rufewa. Daga baya na ce gara in yi ta latsa ta da in zauna ina kallonta. In kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Masu bibiyata a shafin nan kun saba da tsiyata da labaran jikoki. Yau ba na jin akwai dariya a jikina, amma Modu mutumin dariya ne, ba zan iya ba da labarinsa da fuska a murtuke ba.

Ni na goya shi. Uwarsa ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun yana jariri nake ce masa Mai Kan Tulu, har ya yi furfura ban daina ba, shi ma bai daina amsawa ba.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa, don haka bari in riga ku. E, a gidan da ake yin giya yake aiki. Bai taɓa ɓoyewa ba, ni ma ba zan ɓoye masa yau ba. Da hanyar tafki ta rufe, kifi ya daina zuwa, ya ɗaure jakarsa ya bi hanyar da ta ci mutane da yawa, Allah ya tsallakar da shi. Aikin da ya samu ke nan. Abin yana damunsa, kuma ya sha gaya mini. Ya ce, "Ya Falmata, kullum in na ɗaga hannu sai na roƙi Allah ya canja mini." Hukuncinsa yana wajen wanda ya halicce shi, ba ya wajen duk mai waya da data.

Duk zuwan da zai yi gida, kafin in amsa gaisuwarsa sai na kama kunnensa na jawo shi. "Wushe, Ya," in ji shi. In ce, "Ajiye wushen, buɗe bakin in shinshina." Sai ya wage baki kamar ɗan tsuntsu, ƙato da shi, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ban taɓa jin komai ba sai goro da tafarnuwa. In ce, "To, ka tsira bana. Miƙo tsarabar."

Man zaitun yake kawo mini don gwiwa. Kuma shi ya saya mini wayar nan, ya zauna kan tabarma ya koya mini har na iya, ina zaginsa yana dariya.

A bakinsa na san ƙasar nan tasu. Wai kowane yanki da irin inabinsa da irin giyarsa, kuma kowa gani yake tasa ce sarauniya, yadda mu muke ji da burabusko a gaban tuwon kowa. Ya fara daga kudu, Sisiliya, inda ya ce rana tana dukan ƙeya kamar ta Kasuwar Litinin. Ya yi Fuliya. Ya yi Toskana, inda ake yin wata wai ita Kiyanti. In ya fara jero sunayen sai ka ce mai keke yana kiran unguwanni. Daga ƙarshe ya zauna a arewa, Fiyamonte, ƙasar tuddai da hazo, inda ake barin baƙin inabi a jikin itace sai kowa ya gama girbi kafin su sa almakashi. Ya ce can giyar sunan ƙauyen da aka yi ta take ci, kuma sai ta shekara da shekaru a gangar katako a ɗakin ƙasa kafin a yarda a taɓa ta.

Na ce, "Oh ni Falmata. Mutum ya noma abin daɗi, ya matse, ya bar shi ya lalace, sannan ya zauna yana gadinsa?"

Ya ce, "Ya, ke da kike cin daddawa?"

Sai na jefe shi da maficina.

Gidan da yake yi wa aiki ƙaramin gida ne, na gado, uba ya bar wa ɗa. Akwai wata tsohuwa a ciki, uwar mai gidan, kowa yana ce mata Nonna, wato Kaka. Duk Juma'a in Modu ya kira ni a bidiyo sai ta turo fuskarta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Kanuri, ni kuma ba na jin komai nata. Amma mun yi hira. Ta nuna mini haƙoranta na roba, na nuna mata giɓina. Ta ɗaga mini kwando cike da inabi, na ɗaga mata kan tarwaɗa. Modu ya ce in azumi ya zo, ita take ajiye masa abinci a rufe, kuma ta hana kowa zuba giya a tukunyar da za a ɗiba masa.

Ita ta ba shi labarin kyandir, shi kuma ya ba ni.

Ya ce in an matse inabi an zuba a randunan siminti, kowace randa ta kai ɗaki, sai abin ya kama tafasa da kansa, ba wuta ba itace. Daga tafasar nan wata iska take fita. Ba a ganinta, ba ta tashi sama, kwanciya take yi a gindin randa kamar ruwa. In an tsiyaye giyar, sai mutum ya sauka da tsani ya kwashe ɓawon da shebur. In iskar tana nan, numfashi biyu uku ƙafa ta saki. Mijin Nonna a zamaninsa kyandir yake zurawa tukuna. In ya mutu, ba mai sauka. Yanzu akwai fanka mai jan iskar, da wata 'yar na'ura mai ihu, da doka guda: ɗaya ya shiga da igiya a ƙugu, ɗaya ya tsaya a sama yana riƙe.

Na ce masa ai masu haƙar rijiya ma haka suke yi da fitila. Na yi dariya ranar. Labari ne kawai na ƙasa mai nisa.

Zuwansa na ƙarshe, bayan girbin bara ne. Ya zo da maganar Abba. Abba maraya ne, a hannuna ya tashi, shi nake kira angona. Ya gama makaranta yana zaune, ya fara kallon hanyar Libiya da idon da ba na so. Modu ya ce gidansu suna neman hannu lokacin girbi, za a yi masa takarda ta gaskiya, ya hau jirgi kamar mutum.

Na ƙi. Na ce ba zan ba da angona a kai shi gidan giya ba.

Modu ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ya ce, "Gona kawai zai yi, Ya. Ya yanka, ya zuba a kwando. Inabi ne, Allah ya ambace shi a cikin 'ya'yan itatuwa."

Na ce, "In suka tura shi ramin nan fa?"

Ya ce, "Ina raye? Ni ne mai sauka. Shi in ya yi yawa ya riƙe mini igiya."

Na ce, "Rantse da kan tulun nan naka."

Ya dafa kai ya ce, "Amana ce. Da hannuna zan dawo miki da shi, ki shinshina mu mu biyu."

Na raka shi bakin zaure, na cusa masa ƙullin turaren wuta ya kai wa Nonna. Ya juya yana cewa, "Kishiyarki za ta gode." Rabona da shi ido da ido ke nan. Da girbin bana ya matso, takarda ta fito, Abba ya bi shi.

Da wayar ta yi ƙara da safen nan, sunan Modu na gani. Na ɗauka da tsiyata a baki, zan ce Mai Kan Tulu yau Juma'ar da wuri ta zo. Sai fuskar Nonna, ba haƙora, gashi a warwatse. Ta ɗaga hularsa ta zanna, wadda na zaɓar masa a Kasuwar Litinin, ta rungume ta a ƙirji.

Ban buƙaci tafinta ba.

Amma akwai wani bawan Allah mutumin Damagaram da yake aiki tare da su, Malam Illa. Shi ya karɓi wayar ya gaya mini yadda aka yi.

Jiya aka tsiyaye randa ɗaya. Modu ne zai sauka, Abba ya riƙe igiya, kamar yadda suka saba. Modu ya ce bari ya yi la'asar tukuna, ya shimfiɗa buhu a bayan ɗakin. Kwana biyu yana fama da baya, in zai yi ruku'u sai ya dafa bango. Abba ya ga haka.

Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san sauran. Yaro ba ya tsayawa hannu sake babba yana duƙe yana aiki. In ka ga tsintsiya a hannun wanda ya girme ka, karɓa kake yi, kuma ba ka tambaya, don in ka tambaya zai ce bar shi. Ni na koya wa Abba wannan, da baki da muciya. Ko yau aka ba ni wani jikan haka zan koya masa.

Sai ya ɗauki shebur a hankali. Bai kunna fanka ba, don kada Modu ya ji ƙara ya hana shi. Bai ɗauki na'urar ba, don ita ma ihu take yi. Bai ɗaura igiya ba, tunda babu mai riƙewa. So yake kafin Ba Modu, haka yake kiransa, ya sallame ya tarar an gama.

Malam Illa ya ce ƙarar faɗuwar shebur Modu ya ji. Ya yanke salla ya ruga. Ya ƙwala wa abokan aikinsu kira, ya miƙa musu bakin igiya, ya cika ƙirji da iska ya sauka. Suna ce masa ya ɗaura, ya jira fanka. Mutumin da ya fi kowa sanin dokar nan.

Igiya ɗaya ce. A ƙugun Abba ya ɗaura ta.

Suka ja, Abba ya fito kamar tsumma. Suka kwance, suka sake zurawa, suna kiran sunansa. Igiyar ta sauka har ƙasa. Ba wanda ya kama.

Tun safe nake ganin igiyar nan tana lilo. In na rufe ido ita ce. Matarsa tana nan bayan katanga, ina jin kukanta, kuma har yanzu ƙafata ta ƙi kai ni. Da wane ido zan dube ta? In kuma Abba ya bi shi fa? A ce Modu ya ba da ransa, ya bar 'ya'yansa, kuma abin da ya sauka dominsa bai tsaya ba?

Likitocin sun ce ba su san iya ɓarnar da iskar ta yi wa ƙwaƙwalwarsa ba. Wai zai iya tashi, zai iya tashi bai san kowa ba, zai iya ƙin tashi. Malam Illa ya jero mini su a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Jama'a, wayar ta yi ƙara ina tsakiyar rubutun nan. Na bar ta ta katse. Ta sake. Na yi bisimilla na ɗauka.

Nonna ce, a ɗakin asibiti. Ashe tun jiya tana zaune a kansa, ta ƙi tafiya gida. Sun cire masa bututun. Ta kara wayar a fuskarsa, idonsa a buɗe kaɗan, leɓe duk ya bushe. Ban san me zan ce ba, sai abin da bakina ya saba. Na ce, "Angona, kai da ka je neman kuɗin lefe, kwanciya ka samu? Tashi, in ba haka ba wallahi in auri wani."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

Sai ya ce, "Kaka."

Ya san ni. Alhamdulillahi, ya san ni.

Ya yi ta haɗiyar yawu, muryar kamar ta mai mura, sai ya ce, "Ku gaya wa Ba Modu kar ya shiga. Iskar ba kyau."

Nonna ba ta ji abin da ya faɗa ba, amma ta ji sunan. Ta juya wayar ta kalli bango.

Likita ya ce, ta bakin Malam Illa, da saura, a bar shi ya huta, kada a gaya masa komai yau. Gobe ko jibi zai sake tambaya, kuma ni zan gaya masa, ba zan bar wa baƙo ba. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da na yi wayo, wannan maganar tsoronta nake ji.

'Yan'uwa Musulmi na garin da ke kusa da su sun karɓi gawar, su za su yi masa sutura. Ni kuma yanzu zan ajiye wayar nan in ja mayafina in shiga bayan katanga.

Ya Allah, ga Modu nan ya zo maka. Ka san inda ya yi aiki, ka san abin da yake roƙonka kullum, ka kuma ga wanda ya ɗaura wa igiya. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ka karɓi la'asar ɗin da ya yanke. Ka raya masa 'ya'yansa. Ka tashi kafaɗar Abba, ka ba shi zuciyar ɗaukar abin da zan gaya masa. Tsohuwar nan da ta kwana a kan jikana, ka saka mata da alheri, ka shirye ta.

Duk wanda ya karanta ya kai nan, ba na son hoton fuska mai hawaye. Ka ajiye wayarka, ka karanta wa Modu ƙulhuwallahu, ka ambaci sunan Abba. Mai wa'azi a baki ya riƙe shi zuwa wata rana, ina nan ba inda za ni. Yau addu'a nake bara.