Garwashi a Tsingaro

A ƙauyenmu, can gabas da Zariya, ashana sai gidan mai gari. Idan wuta ta mutu a murhu, tsingaron tukunya ake ba yarinya ta je maƙwabta ta ɗebo. Kakata Ayya kuwa ba ta bari tata ta mutu. Bayan isha'i sai ta ƙara itace, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Ba ta dariya in tana tatsuniya. Takan gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Akwai guda da take yawan maimaitawa. Wata damina aka yi ta ruwa har wutar gari ta mutu kaf, jarirai na rawar sanyi, ba kunu ba tuwo. Sai a wani gari bayan fadama aka hango hayaƙi. Aka tashi saurayin da ya fi kowa gudu, aka ba shi tsingaro. Ya karɓo garwashi, ya sheƙo a guje. Iska ta yi ta hura wutar, ta yi jawur, ta cinye kanta. Ya iso ana guɗa, aka leƙa, toka.

Sai wata yarinya Kande ta ce a ba ta tsingaron, ta je ta karɓo wani garwashin. Ita ba ta dubi hanya ba, garwashin ta sa wa ido. In ya yi ja da yawa ta sassauta, in toka ta fara rufe shi ta ƙara sauri. Mutane a bakin gari na ta ihu, yi sauri, yi sauri. Ko kai ba ta ɗaga ba. Daga wannan garwashi kowane gida ya hura murhu.

Na taɓa cewa, "Ayya, ashe Kande ta fi shi gudu."

Ta dube ni. "Wa ya ce miki gudu aka aike su? Wuta aka aike su."

Yau ni ce tsohuwar gida, a Kubwa ta Abuja, wajen ɗana Sani, inda murhu ma na gas ne. 'Yarsa Nafisa Allah ya ɗora wa son gudu. Amma duk gasar da ta shiga, sai ta fita kamar an koro ta, ta wuce kowa, kafin ƙarshe ta yanke jiki ta faɗi. Ranar da aka kawo ta gida a taksi ana yi mata fifita, ubanta ya ce saura gasa ɗaya. In ta sake faɗuwa, ta gama gudu ke nan.

Mai horar da ita ta ba ta aron wani agogo, da maɗauri da ake ɗaurawa a ƙirji ƙarƙashin riga. Wai yana jin bugun zuciya. In ta matsa wa kanta fiye da ƙima sai agogon ya yi ƙara, dole ta sassauta. Kullum bayan asuba ta sa hijabinta da wando ta fita, tana tafe ɗas-ɗas kamar mai ɗauke da ƙwai. Maman Joy mai ƙosai ta ce mini da gurguwar Hausarta, "Mama, wannan yarinya naka gudu yake yi ko yawo?"

Nafisa ta dawo ranta a ɓace. "Hajiya, kunya nake ji. Har masu tura baro wuce ni suke yi."

"Me agogon ke cewa?"

"Wai in bi a hankali."

Na zaunar da ita, na ba ta labarin Kande, yadda Ayya ta ba mu. Ta ce, "Ke tsohuwa, komai sai kin kawo ƙauye." Amma ta ji har ƙarshe.

Ranar gasa muka shiga cikin gari, aka samo mini kujera kusa da inda ake ƙarewa. Da aka sake su, Nafisa na can baya, tana duban hannunta. Sani ya fara ɗaga murya, "Nafisa, yi sauri!" Na kama hannun rigarsa na ce, "Kai ma cikin mutanen bakin gari kake? Zauna."

Muka jira har rana ta ɗaga. Na fari suka shigo, ba ta. Wasu suka biyo, ba ta. Sani ya yi ta murza hula. Can sai ga farin hijabi, tana wuce masu dafe da ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba ita ta zo na ɗaya ba. Amma da ƙafarta ta shigo, ta tako har gabana, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Zuciyar na bugawa da ƙarfi, daidai, ba gigita.

"Hajiya, leƙa. Toka ce?"

Sani ya juya baya yana share ido. Bai sake ta da maganar hani ba.

Ina yarinya na ɗauka Ayya faɗa take mana don kada mu zubar da wuta a hanya. Ashe kowa da garwashinsa a ƙirji, kuma masu ihu a bakin gari ba su ne ke riƙe da tsingaron ba. Ayya ba ta taɓa ganin agogo ba, Allah ya jiƙan ta. Amma wutar da ta ba ni ban bari ta mutu ba, ga ta na miƙa.

Tatsuniya ta tashi, ta kakkaɓe zaninta.