Mashin Kawu Haruna

A wannan watan Kawu Haruna ya cika shekara ashirin da biyu da rasuwa, in dai lissafina bai kuskure ba, domin ƙanwata ta nace ashirin da uku ne. Na zauna rubuta wannan sau uku ina tashi. Abin da ke damuna kalma ɗaya ce, kuma ina jin kunyar faɗin ƙanƙantarta.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tela a unguwar Misfala da ke Makka. Ta Sudan ya zo Makka, a ƙafa, kuma Larabcinsa bai taɓa rabuwa da Katsinanci ba. 'Yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, mai gahawar bakin layinmu ya sayi akwatin rediyo. Kawu kan rufe keken ɗinki ya je ya saurari wani wasan barkwanci da ake kamowa daga Masar, labarin wani magidanci da surukarsa ta hana shi sakat. Mata ba sa zuwa shagon gahawa, don haka washegari bayan la'asar sai ya zauna a tsakar gida ya maimaita musu wasan da Hausa, shi ne miji, shi ne suruka, shi ne ƙarar ƙofa.

A wasan, duk lokacin da surukar ta ƙure magidancin, yakan ce "mashi". Kawu ya fassara cewa makami yake nema. Sai ya miƙe, ya tattare riga, ya ware ido, ya ce a kawo masa mashinsa, mashin kuwa bai taɓa zuwa ba. Wata rana an ara, wata rana ana shanya a kansa. Ya raɗa wa mutumin suna Na-Mashi. Matarsa, Inna Halima, takan yi dariya har sai ta riƙe bango.

Daga baya na tafi karatu Alƙahira. A can na shiga silima na ga an mai da wasan fim, na kuma ji kalmar a bakin kowa, daga mai shayi har malamanmu. A Larabcin Misirawa ma'anarta "to, shi ke nan". Magidancin ba barazana yake yi ba, sallamawa yake yi.

Da na dawo da takardar shaida, na tarar da Kawu tsaye a tsakar gida yana neman mashinsa. Ba na jin na yi nufin wulaƙanta shi, ko da yake ba zan rantse ba. Ina ganin so nake a san na yi karatu. Na tsai da shi, na yi wa matan bayani dalla-dalla, har da asalin kalmar. Kawu ya saki rigarsa ya zauna.

"Ustazu," ya ce da ni, sunan da bai taɓa kirana da shi ba, "shekarata nawa ina ɗinka wa alhazan Masar kaya? Na san kalmar tun ba ka iya ɗaura wando ba. Amma 'to, shi ke nan' wa za ta ba dariya?"

Ya gwada sau biyu bayan haka. Matan suka yi murmushin ladabi, suna satar kallona. Daga nan bai ƙara ba. Inna Halima ta ce tsufa ne ya sa, ƙanwata ta ce ni ne. Mun yi shekaru muna gaisawa lafiya, kullum ina shirya yadda zan ɗauko maganar, har aka kai shi makwancinsa.

Yanzu muna zaune a unguwar Ka'akiyya, kuma jikokina na kallon wani zane mai motsi a talabijin wanda nake zargin daga wancan wasan aka samo shi, ko wani irinsa. Magidancin ya zama ƙato mai jan hanci. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Wataƙila ya ce sun cuci mutumin da suka nuna fuskarsa, tunda a tsakar gidanmu kowace mace da irin hancin da ta ba shi. Wataƙila kuma ya zauna ya fi yaran dariya. Ban sani ba, kuma na daina yarda da kaina wajen faɗin abin da Kawu ya sani.

Rigunan da ya ɗinka duk sun mutu. Abin da ya rage, a iya ganina, shi ne a danginmu har yau in aka ka da mutum a gardama, sai ya ce a kawo masa mashinsa. Yaran da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba ma suna faɗa.

Shekaranjiya ƙaramar jikata, Safiyya, ta tambaye ni da Larabci mene ne wannan mashi, kuma me ya haɗa shi da "mashi" ɗin da ake faɗa a talabijin. Na ji bayanin nan ya taso mini har maƙogwaro, da asalin kalmar da komai. Na haɗiye shi. Na dafa gwiwa na miƙe, na tattare rigata, na ce mata an ara, amma in ta jira zan ba ta labarin wanda ya ara.