Babban Yatsan Kawu Ari

Kawu Ari masunci ne a Auyo tun zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa Malam Madori a kan lokacinsa. Bai yi zurfi a karatu ba, amma shi ya gaji gafakar kakansa, cike da takardun ajami na tarihin fadama da waƙoƙin wa'azi. Ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa ta.

Wata shekara da rani sai ga Aziza, ma'aikaciyar laburare daga Kano, da na'urar ɗaukar hoto. Ta ce ɗakunan karatu na gida da na waje sun haɗa kai suna ɗaukar tsofaffin takardu a kan wani siririn fim, kafin ruwa ko gara su cinye su.

"Wa ya ce miki ina da su?" in ji Kawu.

"Mai unguwa, Baba."

"Dama ya daɗe yana hararar gafakar nan."

Sai da ta sha sintiri sannan ya yarda, bisa sharaɗi: takarda ba za ta bar zaurensa ba, kuma hannunsa kaɗai zai taɓa ta. Ya riƙa shimfiɗa kowace yana danne gefenta da yatsa, idonsa na kan Aziza. Da ta dawo masa da nasa kwafin, ta ce an ajiye ɗaya a Kano, an aika ɗaya ƙasar waje. Ya ɗaga fim ɗin a rana, bai ga komai ba sai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan kifi.

"'Yata, baƙin zare kika kawo mini." Ya cilla shi ƙarƙashin gado.

Bayan 'yan shekaru kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ya ci katangar gidan. Kawu na can cikin kwalekwale yana kwashe jikoki. Kafin ya dawo tawadar takardun ta narke, fim ɗin ma ruwa ya tafi da shi.

Aziza ta aika aka kai shi Kano, ta zaunar da shi gaban na'urar karantawa. Rubutun kakansa ya fito ɓaro-ɓaro.

"Rubutu ai ana kwaikwayonsa," in ji shi, fuska a murtuke.

Sai ya hango gefen shafin: babban yatsa mai tabon ƙugiya. Ya ce a juya. Ga shi nan kuma. Ya sa aka yi ta juyawa har aka kai ƙarshe.

"Wanda kuka aika ƙasar waje, shi ma da yatsana a ciki?"

"Da shi, Baba."

"To, da sauƙi. Ko a can ban sakar musu ba."