Ciyawa a Gwangwanin Laban

Ranar wata Alhamis a tsakiyar watan Maris, shekarar da nake aji huɗu, na zauna a kujerar can baya ta wata farar mota mai sanyi, sanye da rigar Sallar da ta fara yi mini kaɗan, ina kallon Jidda tana ƙarewa ta taga. Kafin ranar ban san garin yana da ƙarshe ba. Baba ne ke tuƙi. Direba ne a wata masana'antar roba da ke unguwar masana'antu, kuma shi aka haɗa da wani injiniya ɗan ƙasar Irlanda wanda kowa ke kira Muhandis. Matarsa, Madam Nora, ta daɗe tana aiko mini da tsofaffin littattafai masu hotuna ta hannun Baba, sai ta ce a ranar bikin ƙasarsu a zo mata da yarinyar nan mai karatu, a fita da ita bayan gari.

A unguwar Mahjar muke zaune, a hawa na biyu na wani tsohon gida da gishirin teku ya cinye fentinsa. Aikina kullum shi ne sayo burodin tamis mai zafi da safe, da tare bokitai idan motar ruwa ta shigo lungu, da kai shanya saman rufi. Can saman ne Kaka take wuni a inuwar tankin ruwa. Daga wani ƙauye kusa da Damagaram ta zo aikin Hajji tun tana da ƙuruciya, ba ta sake komawa ba, kuma a shekarar nan idanunta sun riga sun rufe, ƙafafunta sun fara kumbura. Yayin da sauran yara ke buga ƙwallo a lungu da takalma a matsayin raga, ni ina gefenta ina tsince mata shinkafa, tana ba ni labarin gonar gero da yadda ƙasa ke ƙanshi bayan ruwan farko. Takan ce, "Ke 'yar birni, hancinki bai san komai ba sai hayaƙin mota." Da ta ji za a fita da ni daji, sai ta laluba ta kama hannuna. Ta ce in kawo mata ciyawa, ba barsim ba, harawar tumakin nan da ke kwana a ɗaure a kasuwa, ciyawa mai rai da saiwarta da ƙasarta, ta shinshina ko sau ɗaya. Na ce to. A bakin matakala kuma Baba ya tsayar da ni ya gindaya nasa sharaɗin: "Kada ki taɓa komai, kada ki roƙi komai, kada ki yi magana sai an tambaye ki. Iƙamarmu, izinin zamanmu a ƙasar nan, duka a kan aikin nan take." Nan ma na ce to, kuma tun daga lokacin ban sake samun natsuwa ba.

Hanya ta miƙe tsakanin baƙaƙen duwatsu. Muka wuce raƙuma suna cizon ƙaya, da masu sayar da zuma a bayan motoci, muka tsaya a wani rusasshen gini a kan tudu inda Muhandis ya yi ta ɗaukar hoto yana jan hularsa don iska. Ni kuwa ƙasa kawai nake dubawa. Na zagaya ginin, na leƙa gindin kowane dutse, ban ga komai ba sai ƙaya da tumfafiya, kuma na san da na kai wa Kaka tumfafiya da ta yi mini dariya har mako ya zagayo. Can gaba muka bi ta gefen wata gonar dabino, a ƙarƙashin itatuwan ga kore shar a shimfiɗe bayan shingen waya, ruwa na gudu a ƙaramar kwata. Na miƙe a kan gwiwoyina na manna goshi a gilas. Baba ya dube ni ta madubi, ya ɗan sassauta gudu, sai Muhandis ya duba agogo ya ce yalla, wato mu wuce. Gonar ta koma baya, ina kallonta har tudu ya rufe ta.

Abin da ya rage mini shi ne filin golf inda za a yi bikin, kuma a kansa na dogara, domin a ɗaya daga littattafan Madam Nora na ga hotonsa: tuddai masu laushi, ciyawa har iyakar gani. Da muka isa sai na tarar da rairayi. Kewayen kowane rami an kwaɓa yashin da baƙin mai don kada iska ta kwashe shi, wurin yana wari kamar garejin kanikawa, kuma duk wanda ya gama bugu sai ya ja wani faffaɗan ƙarfe ya shafe sawunsa. Amma kowane mai wasa yana riƙe da wani ɗan yanki kore kamar faifai, ya ajiye shi a ƙasa, ya ɗora farar ƙwallon a kai, ya buga, ya ɗauki abinsa ya yi gaba. Na ɗauka daga ƙasarsu suka yanko ciyawar suke yawo da ita. Na yi ta kai da kawo a bakin rumfa, in zauna in tashi, har wani ya jingine nasa ya tafi shan ruwa. Na duba, Baba yana can yana goge mota. Na durƙusa, hannayena a baya don kada a ce na taɓa, na kai hancina. Roba ce. Warinta ɗaya da na rigar Baba idan ya dawo daga masana'anta.

Bayan la'asar suka taru a rumfar, kowa da kore a jikinsa, wani hula, wani safa. Aka yanka wani burodi mai nauyi aka shafa masa man shanu, aka zuba baƙin shayi da madara. Wani tsoho ya ciro siririyar sarewar ƙarfe, wani ya ɗora ganga mai fuska ɗaya a cinya yana kaɗa ta da guntun sanda, mata biyu suka tashi rawa, hannaye a manne da jiki, ƙafafu kaɗai ke aiki kamar ana soya su. Da wata rana ce da na ƙura ido na haddace komai. Amma rana tana sauka, ni kuwa ban samo wa Kaka komai ba. Sai Madam Nora ta ajiye wani gwangwanin laban, wato na kindirmo, a kan tebur, cike da wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku. Daga baya na ji cewa iri aka aiko mata daga gida, ta rene shi a tagar kicin saboda wannan rana. Kowa ya tsinki reshe ya maƙala a ƙirji da allura. Ina ƙirga hannayen da ke miƙowa, gwangwanin yana ƙara yin sanƙo.

Ashe Madam Nora ta gan ni sa'ad da na durƙusa. Ta zo ta tsuguna a gabana, ta tambaye ni da gurgun Larabcinta me nake shinshinawa ɗazu. Na dubi Baba. An tambaye ni, don haka sharaɗi bai karye ba. Na ce kakata ce ba ta gani, tana son ƙanshin ciyawa, ta daɗe ba ta je gida ba. Baba ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Ana kaman," wato ni ma haka. Ta ɗauko gwangwanin da 'yan rassan da suka rage ta sa mini a tafin hannu.

Har muka shigo Mahjar ban jingina da kujera ba. Ana kiran magariba na hau rufi, na yayyafa wa ƙasar ruwa kamar yadda Kaka ta sha faɗa, na kai mata. Ta daɗe da hancinta a ciki, yatsunta suna bin ganyen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ba irin tamu ba ce. Amma ƙasar ta yi."

Tsiron bai kai ƙarshen zafi ba, Kaka kuma ba ta ga wani Maris ɗin ba. Yanzu a hanyata ta zuwa jami'a ina wuce ciyawa a tsakiyar titi da bakin teku, injuna suna fesa mata ruwa, mutane suna takawa ba su ko dubawa. Wani lokaci idan ba kowa kusa nakan rage tafiya daidai inda ƙasar ta jiƙe. Hancina ya koyi abin, sai dai babu wanda zan kai wa.