Baba Sannu-Sannu da Motar da Ta Daina Yoyo

Kafin a buɗe ƙofar garejin, Baba Sannu-Sannu ya riga ya iso. Zai jingina kekensa a jikin katanga, ya rataye rigarsa ta kirki a ƙusa, ya sa ta aiki wadda baƙin mai ya cinye launinta. Sai ya wuce kusurwarsa, can ƙarshen rumfa, ya durƙusa ya jawo kwalin da ya shimfiɗa a ƙarƙashin mota tun jiya da yamma. Kafin ya gaisa da kowa, kwalin nan yake fara dubawa. Inda ɗigon mai ya faɗo, da kaurinsa, da launinsa, su ke gaya masa inda zai sa hannu.

Sunan nan ba yabo ba ne. Masu gaggawa ne suka laƙaba masa, don ba ya kwance inji mai yoyo sai ya wanke shi tas da kananzir, ya bar shi ya bushe, ya barbaɗa masa hodar jarirai, ya tayar da shi, ya jawo benci ya zauna yana kallo. Duk inda farar hodar ta fara baƙi, nan ne bakin ciwon. Sauran kanikawa su yi ta dariya, wai tsoho yana yi wa inji kwalliya. Su nasu aikin ba wuya: a lafta gam, a ɗaure noti, a ce wa mai mota sauka lafiya. In ta dawo tana zubar da mai, sai a tura ta kusurwar Baba. Shi ya gyara, gareji ya ci yabo.

Mai facin tayar da ke bakin ƙofa ya sha ganinsa yana yanka gaskit da hannu, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana yoyo, don na tsofaffin motoci sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Zai ɗora takarda mai kauri a kan ƙarfen, ya bi gefen da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali, har ta fita daidai wa daida, kowace huda a muhallinta. Direbobi nawa ne suka ci gaba da ciyar da iyali saboda wannan ƙwanƙwasar? Ba wanda ya taɓa tambaya.

Da maigidansa mai garejin ya rasu, ɗansa ya gaji wurin, ya gaji kuma tsohuwar motar uban, mai dogon hanci da kujerun fata, wadda a jikinta Baba ya koyi riƙe sifana. Rannan ɗan ya zo ya tsaya nesa kaɗan, don kada mai ya taɓa masa takalmi.

"Baba, na sami mai sayen motar nan, irin masu tara tsofaffin motocin nan," in ji shi. "Amma ya ce ba zai ɗauki abin da zai ɓata masa daɓen gida ba. Ka tsayar da yoyon nan. Da ta tafi, wurin wankin mota zan yi a kusurwar nan. Kai ma ai ya kamata ka huta haka nan."

"To, ɗan Maigida," shi ne duk abin da Baba ya ce.

Kowa a garejin ya gane lissafin. Muddin motar tana ɗiga, Baba yana da wurin zama. Ranar da ta daina, shi ma ya tashi. Mai faci ya ja shi gefe.

"Baba, abin fa a hannunka yake. Ka bar ta tana ɗan ɗiga mana. Ka ce ba a samun kayan. Wa zai gane?"

A gida ma mai ɗakinsa ba ta bar shi ya sha ruwa ba. "Malam, da shekarun nan ina za ka je? Wane gareji ne zai ɗauki tsoho? Ko watanni ne ka ja, mu ga abin da Allah zai yi."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma ya ce, "In na bar ta haka, wata rana za a hau hanya da ita, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Motar Maigida ce fa. Hannuna ba zai iya ba."

Hoda ta nuna masa ciwon a bayan inji, inda ya haɗu da giyar motar, wurin da kowane bakanike ke gudu. Ya sauke giyar, ya kwanta a ƙasa da bayan nan nasa mai ciwo, ya zaro tsohuwar toshiyar da ta bushe kamar busasshiyar fata, ya sa sabuwa. Ya yanka wa kaskon mai sabon gaskit, ya ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe, ba wanda ya fi wani matsewa. Da safe ya jawo kwali. Fes yake, ko ɗigo babu. Mai faci ya ce ya ga Baba ya tsaya riƙe da kwalin har rana ta shigo rumfa, sannan ya kai shi ofis da ƙafarsa. Ɗan Maigida yana waya. Kai kawai ya gyaɗa.

Aka zo da babbar mota aka ɗauke tsohuwar. Ba a tara ma'aikata ba, ba a ce an gode ba. Baba ya ɗaure akwatin sifanunsa a bayan keke, ya tura ya fita, magina suna auna kusurwarsa tun bai kai ƙofa ba. Ni mai ba ku labarin nan, abin ya ƙona mini rai, har yau kuma yana ƙonawa.

Kai ne, Baba, wanda aka miƙa wa aikin da zai kore shi, ya yi shi da kyau. Kai ne mai haƙurin zama kan benci har gaskiya ta fito. An yi maka dariya a gabanka, an ci da guminka a bayanka, ba ka taɓa rama fushinka a jikin motar kowa ba. Mun gode. Godiyar ta zo a makare, kuma ba daga bakin waɗanda ya kamata ba, amma ka karɓa.

Ku kuma matasan kanikawa, Baba yana nan da ransa, yana zaune a ƙofar gidansa, hannuwansa sun yi fari sun rasa abin yi. Ku je ku durƙusa ku ce ya koya muku. Mun iya yabon mutum in an rufe shi da ƙasa, sai a cika gida ana cewa babu kamarsa. Ku je yanzu, tun yana iya amsa sallama.