Tela Mai Jera Fankon Farasitamol

Jama'a a gyara zama, ga Sarkin Fanko, mai mulkin bencin ɗakin gaggawa! Ni yankan yatsa ya kawo ni, shi ban taɓa ganinsa ba. Dattijo ne siriri, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ya manta bai cire ba. Yana zaro fankon farasitamol daga leda, yana shafe kowanne a gwiwa kamar yadin da zai yanka.

Nas ta leƙo. "Baba, yaushe matarka ta sha na ƙarshe?"

Bai sani ba. Haƙori ke damun matarsa, shi yake sayo mata, har da maganin mura. Nas ta juya kwalbar maganin murar da ya zo da ita ta ce wannan ma akwai farasitamol ciki, sai an ɗebi jini an duba hanta. Ina zaton tun a gida da matar ta yi amai ta ce ta warware, ya koma kan keken ɗinkinsa.

Wannan bakin nawa, da ma na kama shi. Na ce, "Haba Baba, farasitamol fa? Ni kamar gyaɗa nake watsa shi."

Bai ko ɗago ba.

"Ita ma haka take cewa, ɗana."